Robar da ke ƙarƙashin famfo

Litinin, 4 ga Disamba
Na zo ƙauye rufe gidan Umma. Yaya Tae-sik ya tsara komai ta waya: a zuƙe ruwan bututu kafin ya daskare, a kashe injin kananzir, a kulle, da bazara a sayar. Shi da umarni, ni da hanya.

Injin nan shi ke ɗumama daɓe, shi ke ba da ruwan zafi. Umma ba ta kunna shi sai mun zo. Ita da ruwan sanyi take wanke fuska, har ta rasu.

Laraba, 6 ga Disamba
Da safe ina naɗe bargo na ji injin ya kama da kansa, wuf, a bayan bango. Na shiga banɗaki, na tarar da jar robar Umma a ƙarƙashin famfo cike da ruwan sanyi. Na murɗa famfo, ruwan zafi nan take.

Tsohon inji ne.

Alhamis, 7 ga Disamba
Haka dai. Jiya da hannuna na kife robar.

Asabar, 9 ga Disamba
Baba Gu mai gyara ya zo, ya buɗe injin, ya hura, ya rufe.
"Lafiyarsa lau, Farfesa, ya fi ni ma. Tunda kin kashe ɗumin ɗaki, ba ya tashi sai an buɗe famfon zafi."
Na ce ni kaɗai ce a gidan.
"To ni injin na koya, ban koyi gida ba." Zai dawo Talata ya zuƙe ruwan. Bai tsaya shan shayi ba.

Lahadi, 10 ga Disamba
Gwaggo Mal-sun ta maƙwabta ta kawo kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji, ta leƙa banɗaki ba izini. Ta daɗe tana kallon robar.
"Ke da digirinki ba ki taɓa tambayar me ya sa ruwan gidan nan ba ya sa ki jira ba? Bututun dogo ne, sai sanyin ya fita tukuna. Uwarki ke riga ki tashi ta tare shi a roba, kar ya lalace. Da shi take wanka bayan kin gama."
Na ce ai Umma ta rasu, Gwaggo.
"Ni na ce tana raye? Ci kimchinki."

Shekaru ina koyar da ɗalibai lura. Abin dariya.

Litinin, 11 ga Disamba
Yau na tsaya a bakin ƙofar banɗakin ina jin ruwa na zuba. Ban buɗe ba. Da ya tsaya na shiga. Silifas ɗin roba a jiƙe, an juyo su suna fuskantata.

Talata, 12 ga Disamba
Baba Gu ya zo da kayansa, na sallame shi daga bakin ƙofa. Na gaya wa Yaya zuƙe ruwa yana ɓata tsofaffin bututu. Ban sani ba ko gaskiya ne. Motar kananzir ta cika tanki, na bar ɗumin ɗaki a kunne.

Kafin in kulle na cika robar da ruwan zafi, na rufe ta da faranti. Ban yi wanka ba, bas na jirana. Asabar zan dawo, don duba bututun.