Abin da zakaranka ya faɗa a ranar

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma ba za ka karanta ba, sai dai ka miƙo min ka ce in karanto maka. An ce min kana ɓangaren gabas na maƙabartar Baƙi'a, nan Madina. Mata ba ma shiga, kaburburan kuma babu suna, don haka takarda ce kaɗai ta rage min.

Gida lafiya, yadda ake cewa. Umma ta ƙi barin unguwarmu ta Harra ta Gabas. Rumfar namanka ta koma shagon wayoyi. Kaset-kaset ɗinka na damben zamani suna nan cikin kwali, babu sauran na'urar da za ta kunna su, babu kuma mai ƙarfin halin zubar da su.

Ka tuna yadda muke kallonsu bayan la'asar? Kai a kan tabarma, ɗanka Hamza yana naushin iska, ni kuma tafintar gida, tunda ni ce ka tura jami'a karatun Turanci. Shekara huɗu ina karanta adabi domin in gaya maka an ce hannun hagun ɗan dambe ya yi sanyi. Na haddace rayuwar zakaranka na masu nauyi fiye da darasina: yadda ya karɓi kambun duniya, yadda aka ƙwace, yadda ya dawo da furfura wani matashi ya kwantar da shi a turmi na uku. Kai ba ka taɓa cewa an doke shi ba. Kullum alƙalin wasa ne ya yi gaggawa. Kakanka ɗan dambe ne a cikin mahautan Sakkwato, saboda haka a wajenka mutumin nan na ƙetare ɗan uwa ne da ya ɓata hanya.

Ga abin da ban faɗa maka ba. Ranar da aka yi hira da shi bayan ya tsufa, yana magana a hankali kamar mai ɗaga dutse, ka matso kusa da talabijin ka tambaye ni me yake cewa. Cewa ya yi yakan manta sunayen 'ya'yansa, kuma da ya sani da ya bari tun yana kan ganiyarsa. Na dubi fuskarka, sai na ce maka ya ce namiji ba ya ajiye safar dambe sai ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa. Ni na ƙirƙiro. Har na ji daɗin yadda jimlar ta zauna. Ka buga cinya, ka maimaita wa Hamza, ka maimaita a rumfa, ka yi ta maimaitawa har ka bar duniya. A duk abin da na taɓa rubutawa ko na faɗa, ita kaɗai ce wani ya haddace.

Hamza yanzu shekararsa talatin da huɗu, da mata da 'ya mace. Dambe yake yi har yau, bai ci kambun kowa ba. Shi ne wanda ake kira idan ana son sabon ɗan wasa ya yi nasara a gaban jama'a. A watan jiya ya fito daga wurin atisaye a unguwar Jurf, ya zauna cikin mota bai san hanyar gidansa ba. An yi masa hoton ƙwaƙwalwa, takardar asibiti ta zo da Turanci, aka kawo min. Na karanta musu ita daidai, kalma bayan kalma. Sannan na gaya masa gaskiyar waccan hira. Na yi masa da Hausa, ya amsa min da Larabci, ya ce ma fi mushkila, wato ba matsala, kishi ne na masu karatu. Wai in ƙarya na yi a da, me zai hana yanzu ma ƙarya ce? Kai kana da amsa?

Me ya sa ka yarda da ni, Baba? Ba ka ga hannun mutumin yana rawa ba? Ko ka gani, kana dai son 'yarka mai digiri ta ce maka ba haka ba ne? Wani lokaci nakan ɗora maka rabin laifin, sai in tuna ba ka nan balle ka karɓa.

Yana da wasa a Jidda ranar Alhamis. Umma ta ce a bar wa Allah. Ni na goge masa kaya na jera a jaka, domin ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Ɗazu da safe ya zo ɗauka, ya sumbaci kaina, ya ce in yi masa addu'a, ya sauka. Ina jin takunsa a matakala sai ya tsaya. Ya hawo, ya sake sumbatar kaina, ya ce ya kusa tafiya bai yi min sallama ba.

Ban gaya masa ya riga ya yi ba. Na yi masa addu'ar a karo na biyu.

Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka. Ni ban kai ga roƙa wa kaina ba tukuna.

'Yarka, tafintarka,
Safiyya