Baba Yana Jiran Mawaƙi

Laraba, bayan Isha'i, unguwar Koki

Yau na kunna wa Baba albam ɗin kiɗana na farko a wayata, a zaure. Tun da na fara kiɗa bai taɓa yarda ya saurara ba. Maganarsa ɗaya ce, gidanmu ba a taɓa haifar maroƙi ba.

Ya ci gaba da ɗinkin hularsa, kiɗan jaz ɗin nawa na tafiya a hankali. Jita, fiyano, garaya da sarewa, duk ni na kaɗa na busa a ɗakina. Gajiya kawai nake ji.

Can ya ɗago kai. "Wai yaushe mawaƙin zai shigo?"

Na ce, "Babu mawaƙi, Baba. Haka yake har ƙarshe."

"To wa ka yi wa? Wane Alhajin za ka kai wa?"

"Ba kowa."

Ya koma kan ɗinkinsa har kiɗan ya ƙare. Bai yaba ba, bai sa albarka ba. Na miƙa hannu zan ɗauki wayata, sai ya dafe ta.

"Bar ta nan. Ban gama hular ba."

Ga ni kwance ba waya, ina jiyo garayata daga zaure.