Janar a Kan Sikelin Baba

Nottingham, 3 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Clifford,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kai da Beryl kuna lafiya, kuma iskar teku ba ta tayar maka da ciwon gwiwa ba. Na kira ka sau uku ba ka ɗauka ba, shi ya sa na koma ga takarda.

Ɗan janar ɗin wasa da ka sassaƙa ya iso. Na yi masa mazubin roba, na zuba guda sittin da dalma jiya, ko gashin baki ɗaya bai ɓace ba. Ba na yabonka, ka sani, amma wannan tsoho da ke zaune kan ganga yana cire takalmi ya burge ni. Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba, amma ana ganin gajiya a fuskarsa.

Na ɗora shi a sikelin Baba, giram goma cif, daidai da sojan ƙasa. Dokar Baba ka san ta: kowane giram biyar, kuɗinsa fam ɗaya. Saboda haka fam biyu zan rubuta masa a baje kolin watan Mayu. Ka gai da Beryl.

Yayarka,
Noreen

Whitby, 8 ga Afrilu

Noreen,

Muna lafiya, Beryl na gaishe ki. Gwiwa da sauƙi, wasiƙarki ce ta tayar mini da ciwon kai.

Fam biyu? Mako bakwai na yi ina duƙe a kan mutumin nan da allura da danƙo. Sojan ƙasa kwana huɗu yake ci mini. Bari in faɗa miki abin da kike gani kullum amma kin ƙi ganewa. Mai wasa idan zai jera rundunarsa a tebur, sojojin ƙasa arba'in yake saya, wani ma tamanin. Janar kuwa ɗaya tak, domin ba a kai janar biyu fagen fama. Wahalar sojan ƙasa tana rabuwa gida arba'in, ta janar kuma shi kaɗai yake ɗauke da ita. Kuɗin mazubinsu ɗaya ne. Dalmar da kike aunawa ita ce mafi arha a jikinsa.

Fam tara nake so a sa masa. Kuma gara ki ji daga bakina: wani kamfani ya neme ni in riƙa sassaƙa musu, sun ba ni zuwa ƙarshen wata. Idan janar ya fita a fam biyu, shi ne na ƙarshe da zan yi wa shagonmu. Ba barazana ba ce, na gaji ne.

Ki huta lafiya.
Clifford

Nottingham, 12 ga Afrilu

Clifford,

Bayan gaisuwa. To, sannu shugaban masu sassaƙa. Na karanta wasiƙarka a tsaye, na sake karanta ta a zaune, duk ba ta yi mini daɗi ba.

Ka san sarai idan ka tafi shagon nan ya mutu. Ni zuba na iya, ko kan doki ba zan iya sassaƙawa ba, kuma ba wanda zai yi ta sayen tsofaffin sojoji har abada. Amma kai ba ka tsayawa a bayan tebur ranar baje koli. Ni nake fuskantar dattawan nan masu yawo da tef ɗin awo a aljihu. Mutum ya ɗauki soja ya jinjina shi a tafin hannu, ya dubi farashi, ya dube ni. Abin da ya sa suka yarda da mu shekara arba'in shi ne sikelin nan da ke kan kanta. Baba bai taɓa kauce masa ba, ni ma shekara biyu da rasuwarsa ban kauce ba.

Ga dabara. Zan ƙara wa janar kaurin gindi, in sa masa tudun ƙasa da ɗan dutse, ya kai giram ashirin. Fam huɗu ke nan, doka ba ta karye ba, kai ma ka samu ƙari.

Kuma don in rufe maka baki, ranar Litinin zan sauko da tsohon janar mai doki wanda ka yi tun kana da gashi, in auna shi, in aiko maka da lissafin. Za ka ga Baba bai bambanta shi da kowa ba.

Yayarka da ta fi ka sanin kasuwa,
Noreen

Whitby, 16 ga Afrilu

Noreen,

Na gode da gaisuwa. Kada ki taɓa gindin janar ɗin nan. Ban yi mako bakwai don a manna masa dutse ba.

Ba sai kin auna komai ba, na san amsar. Shekara talatin ina kawo wa Baba aikina, ya juya shi sau ɗaya a hannu, ya ce “ba laifi”, ya nufi sikeli kamar mai sayar da dankali. Bai taɓa tambayata kwana nawa na yi ba. Na haƙura saboda ubana ne. Ke kuwa yayata ce, kuma abin yana yi mini zafi har yau. Na faɗa wa mutanen kamfanin zan ba su amsa ranar talatin.

Clifford

Nottingham, 21 ga Afrilu

Ƙanena,

Ina gaishe ku. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Na auna mai dokin kamar yadda na ce. Giram ashirin da biyar, wato fam biyar. Na duba takardar farashin da Baba ya bari, wadda nake sayarwa da ita kullum ba tare da na yi tunani ba: fam goma sha huɗu. Na ce sikeli ya lalace. Na ɗora sojan ƙasa, ya fito daidai. Na sauko da mai tuta, da likitan runduna, da sarauniyar nan mai gatari, duk waɗanda mutum ɗaya yake saya sau ɗaya. Kowannensu farashinsa ya haura na nauyinsa da kuɗin giram arba'in da biyar, ba ƙari ba ragi. Ka san ni a ɗakin zuba nake lokacin da Baba yake yanka farashi, kuma tun da ya rasu sojojin ƙasa kawai ka aiko mini.

Raina ya ɓaci, na zazzage aljihun teburin da sikelin yake kai. Can ƙurya, cikin tsohon gwangwanin taba, na sami wani curin dalma kamar kan babban yatsa, ya yi sumul don shafa. Na ɗora shi, giram arba'in da biyar. Na juya ƙasansa, sai ga rubutun Baba da ya karta da ƙusa: “Hannun Clifford.”

Na zauna a kan akwatin mazubai na yi kuka, har dalmar da na narka ta daskare a tukunya.

Na yi kuskure, kuma ba za ka sake jin na faɗi haka ba, don haka ka adana takardar nan. Amma kai ma ba ka yi daidai ba. Na ɗora janar ɗinka tare da curin, sikeli ya ce fam goma sha ɗaya. Fam taranka ya yi arha, kuma ba zan karya dokar Baba don in yi maka ragi ba. Ranar baje koli curin zai zauna kusa da sikeli a fili, duk dattijon da ya jinjina janar ya harare ni, in miƙa masa ya jinjina wannan ma.

Saura kwana tara. Ban roƙe ka ba, na dai faɗa maka abin da na gani.

Yayarka,
Noreen

Whitby, 25 ga Afrilu

Noreen,

Gaisuwa. Beryl ce ta ƙarasa karanta mini, idona ya ƙi.

Yanzu na tuna. Duk ranar da na kawo irin waɗannan, da Baba ya nufi sikeli sai ya ce in je in ɗora shayi. Shekara talatin ina ɗora masa shayi ina jin haushinsa.

Ki rubuta goma sha ɗaya. Na fara sassaƙa mai busa ƙaho, ki aiko mini da waya da danƙo. Zan zo baje kolin, ni zan tsaya a bayan tebur. Ke ki ɗora shayin.

Ƙanenki,
Clifford