Ɗaya Murfin Kabad

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin shago.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya. Kunnen Babanki lafiyarsa ƙalau, ciwon bai taɓa shi ba, kuma wannan magana ba ta gabansa ba ce tukuna. Shi ya sa na ba direban da yake kai miki katako ya kawo.

Jikin da sauƙi, Alhamdu lillahi, amma hannun dama har yanzu bai dawo ba, harshen ma da nauyi. Wannan duk na ɗauka. Abin da yake damuna shi ne ya daina ƙoƙari. Likitar motsa jiki takan zo ta ba shi ƙwallon roba ya matsa, sai ya sake ta ta gangara ƙarƙashin gado, ni ce mai durƙusawa in ɗauko. Shekaranjiya kuma ya nuna mini in juya masa gado ya fuskanci bango.

Na san dalili. Kabad ɗin nan ne da ya fara yi mini domin littattafaina. Duk rayuwarsa yana yi wa mutane sassaƙa, sai da ya zo kan nawa ciwon ya same shi. Murfi ɗaya ya gama, da rassan nan da ganyayyaki, ya ɗaura. Ɗaya gefen a buɗe yake, na rataya masa ƙyalle. In ya buɗe ido shi yake fara gani.

Ga takardar zanensa nan, mai shara-shara, na naɗe ta a cikin tsumma. Ko injinki na sassaƙa zai iya yin murfi na biyun? Na san ya faɗa miki maganganu lokacin da kika sayi injin, na kuma san sun yi miki ciwo. Ban zo gyara wannan ba. Tambaya ce kawai.

Katakon murfin yana nan bayan ƙofa. Guda ɗaya ne, daga itacen da aka yanko na farko, babu wani irinsa. Ban aiko shi ba sai na ji daga gare ki.

Takardar ban nemi izininsa ba na ɗauko, kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Allah ya yafe mini.

Ki gai da maigidan.
Mahaifiyarki

*

Ummata,

Wa alaikumus salam. Umma, ke da ko allurar maƙwabciya kika ara sai kin mayar da ita da zare, yau ke ce da ɗauke takarda a ɓoye? Na yi dariya, daga baya kuma na zauna na yi kuka a kan buhun garin katako.

Zai iya, Umma. Na shimfiɗa takardar a na'urar da take ɗaukar hoton zane ta shigar da shi kwamfuta. Ta fi na'urar tsawo, sai a kwance ta shiga, don haka zanen ya fito a gicciye. Wannan ba komai ba ne, na miƙar da shi tsaye. Sannan na bi layukan Baba ɗaya bayan ɗaya ina nuna wa injin inda zai nutsa da inda zai yi sama-sama. Har wurin da ya goge ganye ya sake zana shi ana gani.

Tunda murfi na biyu ne, dole rassansa su fuskanci na farkon, shi ya sa na juya zanen kamar yadda mutum yake ganin kansa a madubi. Na gwada a kan wani katako mai araha, ga shi nan direba zai miƙa miki. Ki jingina shi kusa da na Baba ki gani. In ya yi, sai ki aiko katakon gasken.

Maganar abin da ya faɗa mini kuwa, ki bar ta. Ko da na zo duba shi a asibiti, ƙafafuna yake kallo ba fuskata ba. Ni dai ba sai ya san ni na yi ba. Ki ce wani tsohon abokin sana'arsa ne.

A gai da shi a zuci.
Autarki

*

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso lafiya, Allah ya yi miki albarka.

Da farko, ba zan ce masa abokin sana'a ba ne. Ban saba yi masa ƙarya yana tsaye ba, ba zan fara yana kwance ba.

Da hantsi ina ganin ya yi barci, sai na janye ƙyallen na ɗaga katakonki a gurbin. Aikin ya yi kyau, Auta, har na shafa ganyen. Amma wani abu bai zauna mini ba. Rassan na Babanki sun karkata zuwa taga, naki ma sun karkata zuwa taga. Maimakon su haɗu a tsakiya, sai ka ce mutum biyu ne a layi, ɗaya yana kallon ƙeyar ɗaya.

Ina tsaye ina wannan tunani na ji gyaran murya. Ashe ya juyo da kansa, ba wanda ya taimaka masa.

Na ce, "Malam, aikin Auta ne. Ni na ɗauki takardarka na aika mata. In da laifi, nawa ne."

Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗaga hannun hagu yana kifa tafinsa yana buɗewa, yana kifawa yana buɗewa. Na kawo ruwa, ya ture. Na ce ko fanka ce ta yi yawa, ya harare ni irin hararar da rabona da ita tun kafin asibiti. Wallahi har daɗi na ji.

Da ƙyar ya ce, "Fensir."

Na ba shi fensir da farar takarda a kan faranti. Da hagun nan ya zana wani abu, shi dai ganye yake nufi, amma ya fi kama da kunnen akuya. Ya kifa takardar a kan katakon gado, ya ce in danne masa, ya yi ta gurza bayanta da farcen babban yatsa har gumi ya tsatso masa. Da na ɗaga, ga ganyen a jikin katakon, amma ya juya, bakinsa da yake duban dama yanzu hagu yake duba.

Kin gane? Haka yake sauke zane, kife takardar yake yi. Abin da yake kan takarda ba shi ne kan murfin farko ba, kishiyarsa ne. Wato takardar yadda take, ita ce murfi na biyu. Ke kuma kika sake juya ta.

Na sha riƙe masa takarda yana gurzawa, ban taɓa kawo wannan a raina ba, da na faɗa miki tun farko.

Da na ce masa na gane, sai ya koma kan matashi ya ce, "Uwa da 'ya." Sauran maganar ba ta fito ba, amma na san ba yabo ba ne.

Sannan ya sa na miƙo masa katakonki. Ya ɗora a cinya yana bin ramin sassaƙar da yatsa har aka kira azahar. Bai ce ya yi kyau ba, bai kuma ce a fitar da shi ba.

Mahaifiyarki

*

Ummata,

Kai! Ni da nake zaune gefensa ina yarinya ina tsince ɓawon katako, na sha ganin wannan gurzar, na ɗauka ƙaiƙayi takardar take yi masa. Gyaran bai kai a sha ruwa ba. Na danna wuri ɗaya, rassan suka juyo. Ga su nan a fuskar kwamfuta suna jiran 'yan'uwansu.

Amma ban kunna injin ba, kuma kada ki aiko katakon tukuna. Katako yana da sama da ƙasa, Umma. Jijiyarsa tana da inda ta kwanta. In na ɗaure shi a kife, bakin injin zai iya tsage ƙananan ganyen, kuma in haske ya sauka, launin murfin biyu ba zai zo ɗaya ba. Zan iya dubawa in yi hasashe, sau da yawa ina dacewa. A wannan katakon ba na son hasashe. Shi ya yanke shi, shi ya san yadda ya nufa ya tsaya.

Ki tambaye shi. Ki ce ni na tambaya, da bakina. In ya ga dama ya yi mini alama a gefen da zai kalli sama. In kuma ya ce kada inji ya taɓa masa katako, na haƙura, ba zan ji haushi ba. To, zan ji kaɗan.

Ki ce ina gaishe shi, a fili wannan karon.
Autarki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na karanta masa takardarki duka, har wurin ƙaiƙayin. Na jawo katakon gasken gaban gado, ya shafa shi sama da ƙasa, ya sa na juya, ya sake shafawa. Na miƙa masa fensir ya yi alamar, ya ƙi karɓa.

Ya ce, "Za ta kife shi."

Na ce ai alamar ke nan amfaninta. Ya girgiza kai, ya nuna takalmansa.

Ƙanensa zai kawo mu da mota ranar Asabar in Allah ya yarda, mu da katakon. Ki samo kujera mai hannu ki ajiye inda zai ga injin sosai, ki share garin katako daga bakin ƙofa saboda sandarsa. Kada ki kunna komai sai mun iso.

Mahaifiyarki