Maƙwabcinmu a Cikin Hoton

Yaya Rabi,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya Legas, ya yara?

Yaya, ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun da kika turo hoton jiragen ruwan nan, nake satar jiki zuwa bakin gulbi gab da magariba, ina ɗaukar hoto da wayar Inna, kamar wata 'yar littafin soyayya. Ranar Talata sai na ɗauki maƙwabcinmu yana saka injin ban-ruwan Baba a kwalekwale. Ya ɗago, muka haɗa ido. Baba yana ta cigiya, shi kuwa kullum sai ya zo jaje. Wallahi ko abinci na kasa ci.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida maigidan. Na san Inna tana karanta wasiƙa kafin ta ba direba. Duk da haka, yanzu zan miƙa mata.

Ƙanwarki,
Safiya