Jan Ɗigo a Idon Baba

Zinder, Birni. Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, kwana arba'in da ɗaya da binne ka. Ina zaurenka, a kan buzunka.

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye, ni zan karanta maka, wataƙila in sake tsallake wani wuri.

Ka tuna safiyar da kake huda fata da basilla, idonka na dama ya mutu lokaci guda, ba ciwo, ba hawaye? Na kai ka gidan likita, makona uku da fitowa daga lakwal, makarantar boko. Nasara biyu suka leƙa cikin idon da ƙaramar fitila, minti goma sha biyar tsakaninsu. Tsohon ya ce can ƙuryar idon ta yi fari, da jan ɗigo a tsakiya: jijiyar jini ta toshe, kuma abin da ya toshe ta yana iya hawa kai. Ƙaramin ya ce gajiyar dukanci ce kawai. Ido ɗaya, fitila ɗaya.

Ni ne tafinta. Ka dube ni da idon da ya rage. Yaya ɗan fari zai yi wa ubansa zancen ajali a gaban baƙi? Na faɗa maka maganar ƙaramin kaɗai. Ka koma rumfa. Kwana goma sha tara, ɓarin jikinka ya shanye. Kwana biyu, ka cika.

Labarin gida: an sauke tutar Faransa, gero ya fid da kai a Gaffati, Inna tana takaba lafiya. Tsohon likitan ya koma ƙasarsu. Ƙaramin ne ya rage.

Jiya ƙanenka, Baba Ƙarami, da ya karɓi rumfarka, ya ce wani duhu ya sauko masa a idon hagu kamar asabari, ya ɗage kafin ya idar da salati. Dariya ma yake yi. Gobe ƙarfe bakwai zan kai shi.

Abin da ban sani ba:
wanne cikin su biyun ya gani daidai;
ko akwai maganin da za a ba ka, da na faɗi duka;
ko ƙaramin likitan zai ga ɗigon a idon Baba Ƙarami gobe, in yana nan;
ko zai bar ni in leƙa da kaina;
ko in na gani, bakina zai buɗe.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba.

Ɗanka na fari, wanda ba ka taɓa kiran sunansa ba.