Raƙuman da Ba Ni da Su da Bencunan da Ba Nawa Ba

Zuwa ga
Mai Girma Magatakarda,
Kotun da ta yi shari'ar bashin takina,
Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, musamman masinjojin nan uku da yanzu suka fi wasu dangina sanin hanyar gidana. Ina kuma miƙa gaisuwar girma ga Mai Shari'a, Allah ya ƙara masa basira.

Sunana Malam Isiyaku, an fi sanina da Mai Raƙuma. Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a nan Gusau, kuma tsakanin La'asar da Magariba ina yi wa matasan unguwarmu bita kyauta a zaurena, waɗanda za su zauna jarrabawar fita da waɗanda suka zauna ba su haye ba. Na zo ofishinka ban dace da samunka ba, shi ya sa na rubuto a fili. Ina kuma so ɗalibaina su karanta, domin abin da ya same ni darasi ne, ni kuwa ba na iya ganin darasi in bar shi ya wuce a banza.

Na ɗaya. Bashin nan gaskiya ne, ban taɓa musunsa ba. Daminar bara na karɓi hayar gona a wajen Wonaka, na ɗauki taki da maganin feshi bashi a hannun Alhaji Bawa mai taki, na naira dubu ɗari uku da arba'in. Na shuka waken suya. A takarda lissafina ya fita tsaf, har da ribar da zan sauya wa babur taya. Sai ruwa ya yi gyara, rafin da ke gefen gonar ya tashi ya kwashe waken da takin da lissafin gaba ɗaya. Na sayar da babur ɗin, tayoyinsa ba a sauya ba, na kai wa Alhaji dubu casa'in. Saura dubu ɗari biyu da hamsin. Alhaji ya yi haƙuri har ya gaji ya kawo ƙara, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma bashin ya ɗauko a sama. Mai Shari'a ya ce in biya, na ce na ji na yarda. Da aka tambaye ni abin da na mallaka na ce babu. Ranka ya daɗe, a nan matsalar ta fara, domin babu wanda ya yarda mutum zai amsa sunan Mai Raƙuma kuma ya ce babu.

Na biyu. Bari in warware zancen sunan nan kowa ya huta. Kakana ne mai raƙuma. Yana fataucin gishiri da kanwa, gidansa yana 'Yandoto. Raƙumin ƙarshe an sayar da shi tun mahaifina bai yi aure ba. Da aka zo rabon gado, wasu suka samu gona, wasu suka samu ɗaki, reshenmu ya samu suna. Ni ban taɓa hawan raƙumi ba. Sau ɗaya na matsa kusa da wani a kara a Tsafe, ya juyo ya yi mini wata irin ƙara, na bar takalmina ɗaya a wurin.

Na uku. Da masinjojinka suka zo gidana bayan ƙaramar Sallah, na tarbe su hannu biyu, na kawo ruwa, na ce su duba duk inda suke so. Gidan na haya ne. Suka nufi ɗaki, sai mai ɗakina Hajara ta yi musu bayani daga bayan labule, cikin ladabi, cewa gado nata ne, katifa tata ce, kujeru da kwanuka da tukwane da tabarmi duk iyayenta suka yi mata, har labulen da take magana a bayansa. Babbansu ya tambaya, to shi maigidan me ya shigo da shi? Ta ce hula da buta, butar ma a bincika. Ban ji daɗin yadda ta faɗa da sauri haka ba, amma ban samu inda zan gyara mata ba. Suka ɗaga littattafaina suka juya, suka ce ko mai ƙosai ba zai saya ba, takardun sun yi laushi. Suka dubi wayata, suka ga fuskarta a tsage, suka mayar mini da ita da tausayi. Har zuwa nan ba ni da ƙorafi. Mutanen nan sun yi aikinsu da mutunci, sun sha ruwa, sun yi godiya.

Na huɗu, kuma a nan ƙorafina ya fara. Maimakon su rubuta cewa sun zo sun tarar babu, sai suka ɗauki mota suka tafi 'Yandoto, ta Tsafe, neman raƙuma. Da Kawuna suka fara tararwa da magana ta ƙare, domin da ya nuna musu tsohon turke ya ba su fura sun dawo. Amma Allah ya haɗa su da Lawali a majalisa. Lawali ɗan gwaggona ne, wato taubashina, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da taubashi zai faɗa a kan taubashinsa ba shaida ba ne, wasa ne. Tun muna yara aikinsa ke nan. Shi ne ya taɓa gaya wa baƙi a ɗaurin aurena cewa sadakin ma aro na yi. An ba ni labari ya gyara hula, ya ɗaure fuska, ya ce musu, "Isiyaku? Ai raƙuma nai sun fi arba'in. Ɓoye su ya yi bayan dutsin Kwatarkwashi, gidan surukai nai. Ku yi sauri kada shi ji labari." Duk majalisar ta kwashe da dariya. Masinjojinka sun ɗauka dariyar tonon asiri ce.

Sai ga su a Kwatarkwashi, ta Bungudu, a ƙofar gidan surukaina, suna sallama suna tambayar raƙuma. Ranka ya daɗe, kai ma kana da surukai. Shekara guda ina lallaɓa maganar nan kada ta kai kunnensu. In na je gaisuwa sai in ari babbar riga, in sauka daga mota nesa kaɗan don kada a tambayi ina babur. Rana ɗaya kotu ta kai musu labarin har gida, da mota da takarda mai hatimi. Surukina dattijo ne, sai ya zaga da su bayan gida ya nuna musu jaki ɗaya da kaji. Surukata kuwa ta aiko mana da rabin buhun gero, da saƙon cewa a ci, kada a sayar a sayi raƙumi. Geron mun ci, mun gode. Saƙon ne har yanzu bai wuce mini ba.

Na biyar. An kawo mini takarda cewa kuɗin motar Tsafe dubu goma sha takwas ne, na Bungudu dubu goma sha biyar, kuma duka an ɗora a kan bashina. Na daɗe ina koyar da lissafi, ban taɓa cin karo da talaucin da mai shi zai biya kuɗin mota a je a gano masa shi ba, alhali yana zaune a Gusau yana nuna shi kyauta. Ina kuma sanar da kai da gaggawa cewa Lawali ya fara gaya wa mutane wai raƙuman sun tsallaka Agadas. Don girman Allah kada a bi su. Albashina ba zai ɗauki kuɗin motar Nijar ba.

Na shida, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da suka dawo hannu sake, ina jin kunya ta hana su komawa ofis haka nan, sai suka tsaya a zaurena suka kwashe bencuna shida da baƙin allo, suka loda a a-kori-kura, aka ƙara mini dubu bakwai kuɗin dako. An ce za a yi gwanjonsu a ƙarshen wannan wata.

Allon nawa ne, ban musa ba. Tsohuwar ƙofa ce na shafa mata baƙin fenti. In kotu ta ga zai rage wani abu, a sayar, sai dai akwai tambayar lissafi a jikinsa da ba mu ƙarasa ba, a roƙi wanda ya saya ya ƙarasa ta ya aiko mana da amsa.

Amma bencunan ba nawa ba ne. Na unguwa ne. Karo-karo aka yi aka sa kafinta ya haɗa su don suna da ɗaurin aure da zaman makoki. Akwai kuɗin mai shayi a ciki, akwai na tela, akwai na wata tsohuwa mai sayar da daddawa da ta kawo nata a ƙulle a bakin zane. An ajiye su a wurina ne don zaurena ya fi faɗi, aka kuma yarda in riƙa zaunar da ɗalibai a kai. Na faɗa wa masinjojin haka, suka ce in zo in faɗa a kotu. To ga shi ina faɗa. Mai unguwa da Liman sun ce a shirye suke su zo su ba da shaida, kafintan ma yana nan da ransa. Shi kansa Alhaji Bawa ya ce taki ya bayar, ba benci ya aika a ɗauko ba.

Makon jiya aka yi suna a maƙwabtanmu. Dattawa suka zauna a tabarma, aka yi addu'a aka shafa, tashi ya gagari mutum uku sai da aka kama su. Kowa dai ya juyo ya dube ni, sannan ya dubi wurin da bencuna suka saba zama. Bashin Alhaji zan iya ɗauka, nawa ne. Amma a sayar da amanar unguwa saboda waken da ni kaɗai na shuka, wannan ban san da wace fuska zan sake fitowa masallaci ba.

Ɗalibai kuwa ba su fasa zuwa ba, jarrabawa ta ƙarato. Suna zaune a ƙasa, littafi a kan gwiwa, ni ina rubutu da gawayi a bango, Hajara tana tuna mini bangon ma na mai gidan haya ne. Ku 'ya'yana da kuke karanta wannan, ku ji da kyau. In bashi ya kama ɗayanku kada ya gudu, kada ya ɓuya a bayan ƙofa ya sa a ce ba ya nan. Ya je gaban alƙali ya faɗi abin da yake da shi da abin da ba shi da shi, ya nemi a yanka masa biya kaɗan-kaɗan. Duk abin da aka ɗauka a gidansa ya sa a rubuta a ba shi takarda, in kayan wani ne ya faɗa nan take a gaban shaidu. Rashi ba sata ba ne, addininmu ma ya yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Kuma kafin ku ɗauki taki bashi, ku fara zagawa ku ga inda rafi yake.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

A cire kuɗin yawon neman raƙuma daga kaina, dubu talatin da uku. In dole sai an biya, ina ba da shawarar a aika wa Lawali takardar, yana da shagon kayan masarufi kuma shagon nasa ne.

A gabatar wa Mai Shari'a buƙatata ta a riƙa cire dubu ashirin daga albashina duk wata ana ba Alhaji Bawa har a gama. Na yi magana da Alhaji, ya ce in kotu ta sa hannu shi ya amince.

A dakatar da gwanjon nan, a saurari mai unguwa da Liman, a dawo wa unguwa da bencunanta.

Wannan roƙo na ƙarshe ba don mu kaɗai ba ne, har da naka. Ranar da aka kwashe bencunan, ɗaya daga cikin masinjojin ya tsaya yana kallon tambayar da ke jikin allo. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo shi kaɗai, ba takarda ba mota, ya ja ni gefe ya ce lissafi ne ya tsare masa ƙarin girma shekara da shekaru, ko akwai wuri a ajin? Na ce wuri akwai, wurin zama ne babu, kuma ya fi ni sanin dalili. Tun ranar bai taɓa fashi ba. Magidanci ne mai furfura a gemu, yana zaune a ƙasa cikin yara, kuma wallahi yana ƙoƙari, ya fara kama lissafin kashi cikin ɗari, ina sa ran zai haye. Sai dai in an tashi, yara biyu ke ɗaga shi. Da na gaya masa zan rubuto maka, ya ce kada in ambaci sunansa, amma in ambaci gwiwarsa. To na ambata.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora a aikin nan mai nauyi, ya tsare ka da cin bashi, in kuma ka ci ya hore maka biya kafin surukanka su ji. Allah ya yi wa Alhaji Bawa buɗi, ya shiryi Lawali, ya ba ɗalibaina nasara, yaransu da dattijonsu.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Malam Isiyaku Mai Raƙuma,
Malamin lissafi, Gusau.